Haihuwa Nawa, Inna?

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aikin anket, wato binciken ƙidaya, ya kai ni gidan surukaina a Tama. Ina sabon ango lokacin, aka ɗauke mu, mu masu ɗan karatun lakwal, wato boko, mu zaga garuruwan Buza muna tambayar mata yawan haihuwarsu. Ba kowane gida ake shiga ba. A tsakiyar gari ake juya kwalba a ƙasa, inda bakinta ya nuna nan ake bi, a tsallake gida biyu a shiga na uku. Mushe Idi (Malam Idi ke nan a Faransanci), shef ɗinmu mai jagorantar aikin, ya ce in aka bar mu mu zaɓa, gidajen masu fura kaɗai za mu shiga, lissafin ya karkace.

Na ukun ya faɗa gidan su Hajara, matata (Allah ya jiƙanta). Na ja Mushe gefe na ce, "Gidan surukaina na, mu tsallake."

Ya ce, "Kwalba ba ta da suruki. In ba ka iyawa, akwai masu jiran wurinka."

Shekarar nan rumbuna babu ko damin gero. Na tuɓe takalmi na shiga.

Inna, mahaifiyar Hajara, tana ganina ta ja mayafi ta juya baya. Kakar Hajara kuwa, tsohuwa mai tsokana, ta ce, "Lale da mijina! Yau da alƙalami aka zo zance?"

Na durƙusa, ina kallon gindin turmi, na ce, "Inna, wai haihuwa nawa?"

Ba ta juyo ba ta ce, "Biyar." Ta jero sunayensu a hankali. Babu Hajara.

Na san dalili sarai. Hajara ce ta fari, kuma uwa ba ta ambaton ɗan fari. Tawa uwar ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Amma Mushe na tsaye a kaina, ni kuma ina son ya ga ya ɗauki gwani (gwanin da ko gaisuwa bai ƙarasa ba). Sai na ji bakina ya ce, "Shidda dai, Inna. Hajara hwa? Ba ke kika haihe ta ba?"

Wata mai daka a tsakar gida ta tsayar da taɓarya. Inna ta miƙe ta shige ɗaki, ta saki labule. Tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "A'a, kai ka haihe ta! Mushe, rubuta: ɗan lakwal ya zo tuna ma surukatai naƙuda." Matan maƙwabta suka kwashe da dariya ta bayan darni. Sai da na kai bakin kasuwa na lura ba takalmi a ƙafata.

Mushe ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ashe gidaje da yawa ƴan fari sun zube mana, ya yabe ni gaban kowa, ya bar ni a aikin. Baffana kuwa sai da ya kai goron ban haƙuri. Hajara ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Daga baya, da Hajara ta rasu, Inna ta zauna cikin masu makoki, ba kuka, ba ambaton suna. Ni ake ta yi wa gaisuwa. Sai bayan nan na ji fura ma sai da aka riƙa ɗura wa Inna.

Abin da na koya ɗan kaɗan ne: wanda uwa ta tsallake a ƙidaya, ba mantawa ta yi da shi ba. In lissafi ya ƙi cika a gidan surukai, rufe bakinka, ka tambayi kaka a zaure.