Sunan da Na Soke

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a daminar 1977, ƙarfe goma na safe. Mu biyar ne a zaure: wakilin hakimi, duba-gari, wani ɗan kasuwa mai fatauci a Maigatari, malamin makaranta, sai ni sakatare. Ƙaramar hukuma ce ta kafa mu don sauraron ƙorafin duk wanda aka ce gininsa ya saɓa doka.

Takardar kafa kwamitin ta ce dole a sa mutum guda da ya san gini. Hakimi ya aiko da sunan Sarkin Magina, Baba Ɗanjuma. Ni ke buga sunayen. Na duba na ga tsohon bai iya sa hannu da boko ba, sai na soke shi na sa malamin makaranta (abokina ne, kuma ya taɓa zana taswirar aji a allo). Shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu bai karanta ba.

Ƙararmu ta farko ta Malam Haruna tela ce, mutumin Gagarawa. Indararon shagonsa yana zuba a hanya, duba-gari ya ce a toshe. Ya zo da Baba Ɗanjuma a matsayin shaida.

"Ranka ya daɗe, rufin nan wajen hanya ya karkata," in ji Baba. "In kun toshe, ruwa zai kwana a kai."

Na gyara murya irin ta masu karanta labarai, na ce, "Baba, kwamiti na aiki da doka ne, ba da zato ba."

Ya ce, "To, Allah Ya sa ruwan ya iya karatu, Malam."

Aka yi dariya, muka tabbatar da hukunci. Bayan kwana tara aka yi ruwa mai ƙarfi, azara ta karye, rufin ya danne keken ɗinkin Malam Haruna, wanda da shi yake ci da iyali takwas.

Na je jaje. Baba na tsaye cikin laka yana kwashe ƙasa. Kwando kawai ya miƙo mini. Na ɗauka a kai, da farar rigata, mutanen unguwa na kallo.

Tun daga ranar, in aka ba ni sunaye, bugawa nake yi ban da gyara. Wata guda bayan haka aka naɗa Baba Ɗanjuma a kwamitin. Malam Haruna kuwa ya koma Gagarawa noma, bai sake ɗinki ba.