Sarkin Ruwa a Tekun Gishiri

A wani gari na bakin kogi aka naɗa wani attajiri Sarkin Ruwa. Bai gaji sarautar ba, bai taɓa jefa taru ba, iyakar saninsa da ruwa kuwa buta ce da randa. Masunta suka yi ta gunaguni, har hakimi ya yanke cewa ko dai ya kawo hujjar cancantarsa kafin bikin kamun kifi na bana, ko a warware rawani, domin da'awa ba ta tsayuwa sai da shaida. Ana cikin haka aka ba shi labarin wani tsibiri a Tekun Indiya, inda ake fita da baƙi a jirgin ruwa bayan sallar isha'i, a haska fitilu cikin ruwa. Hasken yakan tara ƙananan halittu, su kuma su jawo wani kifi mai fukafukai, wanda faɗinsa ya kai tabarma uku a jere, bakinsa kamar ƙofar rumbu, amma da ikon Allah ba ya cizo. Baƙo yakan kwanta rub da ciki a saman ruwa, gilashi a ido, bututun numfashi a baki, kifin yana juyi a ƙarƙashinsa. Sarkin Ruwa ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya tafi da Nomau, dattijon masunta wanda bakinsa ba shi da linzami, domin ya ɗauki hoto ya kuma ba da shaida a gida.

Da jirgin ruwa ya tsaya da su a tsakiyar teku, mai jirgin ya yi gargaɗi ta bakin tafinta, cewa kome mutum ya gani kada ya cire bututun nan daga bakinsa.

Sarkin Ruwa yana ɗaura layu a kan rigar da ke hana nutsewa, ya ce, "Wannan gargaɗi na talakawa ne. Nomau, ka gyara wayarka. Idan kifin ya iso zan yi masa kirari, za ka ga ya faɗi gaisuwa."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, kirarin da ka haddace a jirgin sama? Anya kifin nan yana jin Hausa?"

"Ruwa duk ɗaya ne, kuma sarkinsa ɗaya ne."

Ya sauka. Ba a jima ba sai ga halittar ta taso daga duhu, baki buɗe, ta mirgina ta nuna farin cikinta, saura kamu ɗaya ta shafi ƙirjinsa. Sarkin Ruwa ya fizge bututu zai yi kirari, kirari ya koma salati, salatin ma bai kai ƙarshe ba teku ta cika masa baki. Ya sake buɗewa zai kira Nomau, ta ƙara masa. Ya buɗe na uku yana neman gafarar masunta, ta cika masa mudu. Sai da ƙarti biyu suka jawo shi ta layun nan, wanda shi ne kaɗai amfanin da suka yi a daren, suka shimfiɗe shi a jirgi, ciki ya yi tulu, ana dannawa yana amayarwa. Sauran baƙi kuwa, har da wata tsohuwa mai furfura, suna can kwance a ruwa suna kallon kifi cikin natsuwa.

Da numfashi ya dawo, abin da ya fara nema wayar Nomau ce.

"Ka goge wannan hoto. In mun koma, ka shaida musu cewa na shiga teku da dare, kifi ya yi mini mubaya'a. Kuma ka ji tsoron Allah, kada ka rage kome."

Nomau ya ce, "Ba zan rage ko kurɓi ɗaya ba."

Sarkin Ruwa ya yunƙura ya zauna yana tari. "Wane irin zance ne wannan? Kai ma kana cikin masu cewa ban ci sarautar nan da cancanta ba?"

Nomau ya mayar da waya aljihu, ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Ai ka wuce na gabanka duka. Su cin sarautar suka yi, kai kuwa a gabana ka sha taka."