Masu Gadi Uku da Wasiƙar Ƙanina

Zuwa ga masu girma Masu Gadi Uku, mazauna baƙin akwatin da ke ƙarƙashin teburin shagonmu na ɗaurin littattafai.

Bayan gaisuwa da sannu da tsayuwa. Tun ranar da 'yata ta haɗa ku a na'urar imel ɗinmu don ku tare wasiƙun 'yan damfara, nake jin ana cewa babu abin da kuka tsana kamar mutum mai ladabi. Na ce sharri ake yi muku. To, ga kokena.

Na ɗaya, kai mai baƙin littafi. Ƙanina, wanda muka yi shekara huɗu ba ma magana saboda wata katanga, ya rubuto yana neman gafarata daga shagon kwamfuta na unguwarsu. Ka duba, ka ga wani ya taɓa aiko da ƙarya daga shagon, sai ka shafa masa tuhuma. Ranka ya daɗe, yaushe zama a kujerar wani ya zama laifi?

Na biyu, kai mai je-ka-dawo. An ce aikinka ka kori kowane baƙo a zuwan farko, wai ɗan damfara ba ya da haƙurin dawowa. Wasiƙar ta dawo, ka buɗe mata. Madalla. Amma a wane ofis ka yi aiki a da? Kamar na san ka.

Na uku, kai mai ba da maki, a kanka zan daɗe. Ya rubuta "yayana abin ƙaunata", ka rubuta masa makin laifi biyu. Ya ce yana da albishir, ka ƙara uku. Ya gaida iyalina ɗaya bayan ɗaya, ka ce wannan doguwar gaisuwa sai mayaudari. Ka haɗa da tuhumar abokin aikinka, ka jefa wasiƙar a kurkuku. Ran nan kuwa mai tallar maganin sanƙo ya wuce ku ukun salin-alin, don bai gaida kowa ba. Ban musa ba, ya san kan da ya nufa.

Kwana ashirin da tara ƙanina yana jiran amsa, yana gaya wa dangi girman kaina na nan daram. Saura kwana ɗaya ku share wasiƙar, 'yata ta tsinto ta.

Roƙona, ku ci gaba da gadi, amma ku rubuta shi cikin 'yan gida. Laifinsa ni na sani, na kuma yafe.

Maganar nan ta cewa kun tsani mai ladabi kuwa na yarda da ita yanzu, domin wanda ya faɗa mini na ƙarshe ƙanin nawa ne, jiya da hantsi, yana zaune a kujerata yana shanye mini shayi.

Naku mai biyayya, wanda ya taƙaita gaisuwa don tsoron maki,

Tsohon mai ɗaurin littattafai