Gamsheƙar da Na Ce Ta Mutu

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a Gusau, don haka ranar da na je gaida surukina a Bungudu aka ce ga gamsheƙa a bayan rumbu, sai na ga aikina ne ya samu. Maƙwabta sun riga sun jefe ta. Tana kwance ciki sama, baki buɗe.

Surukina ya ce, "Malam, a dakata. Wannan takan yi mutuwar ƙarya."

Na yi murmushi irin wanda nake yi wa ɗalibin da bai yi karatu ba. Na ce, "Baba, ta mutu. Ni ne nake koyar da darasin macizai."

Na tsuguna, na ɗauki kara, na fara yi wa jama'a bayanin yadda take fasa kai da yadda take feso dafi daidai idon mutum. Ban kai ƙarshen maganar ba ta juyo ta nuna musu da kanta. Allah ya taimake ni da tabarau, dafin ya tsaya a gilashi. Ita ta shige kunyar dawa, ni kuwa sai a ɗakin surukata aka same ni, ɗakin da ban taɓa leƙawa ba saboda kunya. Ita ce ta wanke mini fuska.

Har yau, in na yi sallama a gidan, surukina kan amsa, sannan ya tambaya a natse, "Malam, ya jikin mamaciyar?"