Ɓargon da Ba a Naɗa wa Kwamiti Ba

Jiya hantsi ya same ni a layin mai na Gidan Igwai, ina tura babur ɗin aro, hankalina yana asibiti. Lami, ɗiyar yayata, amosanin jini ya sake kayar da ita, likita kuma ya ce sai an ƙara mata jini kafin la'asar.

Muna nan tsaye rediyon wani direba ya kawo mana albishir. Wai masana a ƙasashen waje sun gano cewa a cikin ɓargon baligi akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su zaɓi sana'a ba tukuna: su ke sabunta jini, ana kuma zaton za su iya zama wasu sassan jiki. Saboda haka mai mulkinmu, Ranka-ya-daɗe Uban Talakawa, ya aza harsashin Cibiyar Ɓargo, ya tura kwamiti Turai ya gano wa idonsa.

Ni da nake da difloma a aikin gwaje-gwaje, na fara yi wa maƙwabcina Dodo mahauci bayani a tsanake, ina sassauta murya. Ya katse ni.

"Malam Siddiƙu, wagga ƙwaya ai mun daɗe da ita, kakin soja taka sawa. Bara ita ad da rijiyoyi, bana asibiti, baɗi ka ji ta ga taki."

Na waiwaya hagu da dama. Ba ni na faɗa ba, mai karatu ya shaida.

Da rana ta take, layin bai motsa ba, sai na bar wa Dodo babur, na kama hanya a ƙafa. A asibiti aka gaya mini babu jinin ajiya, domin firjin da ake sa shi an ɗauke shi zuwa wurin bikin aza harsashi, ya sanyaya wa manyan baƙi lemo. Wannan hangen nesa ya cancanci yabo: jini yana jira a jikin mai shi, lemo kuwa ba ya jira.

Na miƙa hannu aka ɗiba. Kafin magariba Lami ta buɗe ido ta nemi fura.

Yanzu haka ɓargona yana mayar da abin da aka ɗiba, ba harsashi, ba jawabi, ba tafiya Turai. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a cikinsa. In labari ya kai sama, za a naɗa wa ɓargon nawa shugaba.