Ƙurajen Alhaji Sodangi, Na Manya

Allah Ya yi wa Sakkwato baiwa da Alhaji Sodangi, Sarkin Kwangila na Sama Road. Tun da kuɗin mai suka ɓalle, sojoji suka fara rabon ayyuka, bawan Allah bai sake yin abu irin na talaka ba. Ko atishawa sai a cikin marsandi.

To, sai ga wani tabo a ƙirjinsa, zagayayye kamar makero. Bayan kwana goma 'ya'yan tabon suka fito, ƙanana, suka jeru a gadon baya kamar rassan itace. Ya tafi asibiti da motoci uku. Nas Sadiyatu ta duba, ta ce ba makero ba ne, kuma ba ya bukatar allura. Ta ce ya shafa man rage ƙaiƙayi kawai, cikin mako shida zuwa takwas zai tafi da kansa.

Da kansa! Ciwon Alhaji guda ya tafi ba rakiya? Ai cin mutunci ke nan.

"Wagga mata ba ta san manya ba," in ji shi. "Wanga ciwo na iyakwandishan ne. Sai wanda ka kwana manyan otal na Ikko ka samun shi. Landan za ni!"

Ya yanki tikiti. Kafin ranar tashi ya buɗe falo ga masu dubiya. Motoci a jere, lemo na yawo, shi kuwa ya tuɓe babbar riga ya juya wa jama'a baya, 'yan kwangila suna ta "Subhanallahi, wannan sai ku!" Wani Lawali, mai neman ragowar aikin kwalbati, har rantsuwa ya yi bai taɓa ganin ƙuraje masu tsari haka ba.

Ranar Juma'a falo ya cika, har da wani manjo. Sai ga tsoho Maigandi, manomin gero daga ƙauyen su Alhaji, ya zo dubiya da ƙwaryar fura. Ya matso, ya ƙura ido, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Alhaji, kwantar da hankalinka, irin nawa ne!" Ya ɗage 'yar shararsa. Ga tabban nan a jere, sun dushe. "Mako bakwai nay yi, yat tahi abinai. Ban sha komi ba. Mu ko hanka ba mu da ita, balle iya wane ɗin nan taku mai sanyi."

Manjo ya ƙware da lemo. Alhaji ya jawo rigarsa a hankali.

Da la'asar aka mayar da tikiti, aka sanar da gari cewa Alhaji bai taɓa yin ciwo ba.