Mai Karatuna Ya Nutse a Banɗaki

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da hancin da har yau bai dawo daidai ba, ni mai walda, a madadin kaina ni kaɗai tunda iyalina sun ce kada in sa su ciki, ina sanar da 'yan'uwa a ikilisiya rasuwar abokina Mai Karatu, wato ɗan baƙin rediyon nan da ke karanta mini Littafi Mai Tsarki. Ya rasu ranar Talata da safe, a wurin da ko maƙiyina ba na yi wa fatan ya cika.

Marigayin ya shigo hannuna ne bayan wutar walda ta ci mini ido, har rubutu ya koma mini kamar tururuwa na yawo a takarda. Fasto ne ya ba ni shi. Bai taɓa neman abinci ba, rana kawai yake sha a kan taga. In zai fara sura sai ya yi "ƙit", kamar dattijo na gyaran murya. Ga haƙuri. Aya ɗaya sai in sa ya maimaita ta har in gaji, bai taɓa tambayata ko kaina na yoyo ba, yadda 'yata takan yi.

Ta bakinsa na san daɗin hadda. Ina goge ƙarfe, aya na juyawa a bakina, sai in ga rana ta faɗi ban zagi kowa ba. Wani da ya kawo gyaran ƙofa ya taɓa ganin leɓena na motsi, ya ɗauka shi nake yi wa gunaguni, alhali yabon Ubangiji nake.

Daɗin ne ya ja ni na miƙe a taron zumuntar maza, ba wanda ya tambaye ni, na ce zan kawo Zabura mafi tsawo da ka, a gaban jama'a, ranar Lahadin nan. Fasto ya sanar a majami'a. Mata suka tafa. Saura mini ɓangaren ƙarshe ajali ya sauka.

Ga yadda abin ya faru. A gidana banɗaki ne kaɗai ke da sakata. Can nake shiga da sassafe, ba don wata buƙata ba, in kife bokiti in zauna, in ɗora marigayin a gwiwa. Matata ta sha cewa wannan ba wurin Maganar Allah ba ne. Na sha ce mata ta nemo mini wani ɗakin da yara ba sa dambe a ciki. Yau dai ita ce mai gaskiya, kuma tun Talata take tuna mini.

Ƙaninta, wanda ya zo mana kwana biyu tun bara, ya toshe masai da abin da har yanzu ya ƙi faɗa, ruwa ya taru har baki. Shi ɗin ne kuma ya zo ya dirka wa ƙofa duka kamar gobara ta tashi. Na zabura, marigayin ya yi tsalle. Yana tsakiyar aya ya ce "ɓulum".

Na sa hannu. Ba zan ƙara bayani ba, akwai masu karanta wannan suna cin abinci. Har gwiwar hannu dai. Da na ɗago shi ya yi "gurrr" sau ɗaya, ya tofar da wani abu, ya yi shiru. Na binne shi cikin shinkafar gida don ya tsotse, kamar yadda mai gyaran waya ya ba ni shawara. Matata ta gano. An zubar da shinkafar, an zubar da robar da take ciki, ni ma da ƙyar na tsira. Mai gyaran wayar kuma da ya ji inda gawar ta fito, sai ya ce daga nan bakin ƙofa ma yana ganin ba za ta tashi ba.

Ya bar ni, da wayar caji da bai taɓa amfani da ita ba, da bokiti, da ayoyin da ban kai ba. Ya kuma bar hannun damana, wanda na wanke da sabulu, da toka, da kalanzir, amma matata ta ce in ci gaba da cin abinci da cokali.

Za a yi jana'iza gobe da yamma a bayan shagona, cikin gwangwanin fenti da zan liƙe da kaina. Ba za a buɗe gawa ba. Masu ta'aziyya su ɗaga hannu daga nesa, na fahimta.

Ƙanin matata ne zai yi karatu a bakin kabari. Zai fara daga ayar da marigayin ya tsaya a kanta, ya kai ƙarshe, ya sake komawa. Haka zai yi kowace safiya har Lahadi, a tsaye, da babbar murya. In na tsaya a gaban ikilisiya aya ta ƙwace mini, a yi addu'a domin ƙanin matata.